TSOKACI A KAN BINCIKEN LIKITOCI GAME DA BORIN JININ JAN NAMA WANDA CIZON KASKA KE HADDASAWA

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin binciken da likitoci suka gudanar tsakanin shekarar 2007 da ta 2025 a kan wata cuta da ake kira ciwon alfa-gal, watau borin jinin da ke kama mutum bayan ya ci jan nama, wanda kuma asalinsa cizon kaska ne. Za mu auna hujjojin da masu binciken suka kawo, mu ga inda suka yi ƙarfi da inda suka yi rauni, sa'an nan mu dubi abin da wannan ke nufi ga likita da majinyaci.

Ra'ayin da takardar ke son ta tabbatar shi ne cewa an yi gagarumar nasara wajen gano musabbabin cutar, amma yawancin alƙaluman da ake yaɗawa game da yawanta da haɗarinta an gina su ne a kan gwajin jini kawai. Shi kuwa gwajin jini yana nuna cewa jiki ya ɗauki alamar cutar ne, bai isa ya nuna cewa mutum yana fama da ita ba. Wannan giɓi da ke tsakanin alama da cuta shi ne jigon tsokacinmu.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

A wannan takarda za mu yi amfani da kalmar borin jini da ma'ana mai faɗi, watau duk wani tawaye da garkuwar jiki ke yi wa abin da ba ya cutar da sauran mutane. Borin yakan tsaya a ƙaiƙayi da kumburin fata, yakan kuma kai ga ciwon ciki da amai da gudawa. In ya yi tsanani har ya sarƙe numfashi ko ya sa jini ya faɗi, likitoci na kiransa anafilaksis, kuma yana iya kisa.

Alfa-gal wani nau'in sukari ne da ke manne a jikin ƙwayoyin halittar dabbobi masu shayarwa, kamar shanu da tumaki da awaki da raƙuma da aladu. Babu shi a jikin ɗan Adam, ko manyan birai, ko biran Afirka da Asiya. Haka kuma babu shi a naman kaza da na kifi. Tun a 1984 wani masani mai suna Uri Galili ya nuna cewa jinin kowane mutum na ɗauke da makaman garkuwa masu gaba da wannan sukari, amma irin waɗanda ba sa hana cin nama. Matsala na tasowa ne idan jiki ya fara ƙera wani nau'in makami dabam wanda ake kira IgE, domin shi ne makamin da ke tayar da borin jini.

3.0 Yadda Aka Gano Cutar

Ba daga kan nama labarin ya faro ba. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ciwon daji mai suna setuksimab, wanda ake sayarwa da sunan Erbitux. Ba da jimawa ba sai likitocin kudu maso gabashin ƙasar suka lura cewa majinyatansu na yin mummunan bori cikin 'yan mintoci da fara yi musu ƙarin maganin, kuma tun a karon farko. Wani rahoto na 2007 ya nuna cewa a jihohin Tenesi da Karolina ta Arewa abin ya kai kashi 22 cikin ɗari, alhali a sauran wurare bai taka kara ya karya ba.

A 2008 Christine Chung da Thomas Platts-Mills da abokan aikinsu suka warware wannan ƙulli. Ana haɗa maganin ne a cikin ƙwayoyin halittar ɓera, saboda haka yana ɗauke da alfa-gal. Daga cikin majinyata 25 da suka yi bori, an sami makamin IgE a jinin 17 tun kafin a ba su maganin. Daga cikin 51 da ba su yi ba kuwa, mutum ɗaya tak aka samu da shi. Da aka gwada masu lafiya, sai aka same shi a jinin mutum 15 cikin 72 a Tenesi, amma mutum 2 kawai cikin 341 a Boston. Ke nan akwai wani abu a yankin kudu da ke sa jiki ya ƙera wannan makami.

A 2009 Scott Commins da Platts-Mills na Jami'ar Bajiniya suka kawo labarin mutum 24 masu wannan makami, waɗanda ke yin bori sa'a 3 zuwa 6 bayan sun ci jan nama. A wannan shekarar kuma Sheryl van Nunen ta birnin Sidni a Ostareliya ta buga rahoton majinyata 25 masu borin nama, 24 daga cikinsu kaska ta taɓa cizonsu. Ya kamata a lura cewa ita wannan likita ta riga ta gabatar da wannan alaƙa a wani taro tun 2007. A 2011 ayarin Bajiniya ya nuna cewa kaskar da ake zargi a Amurka ita ce Amblyomma americanum, wadda macenta ke da farin ɗigo guda a gadon baya.

4.0 Inda Hujja ta Yi Ƙarfi

Duk mai adalci zai yaba wa wannan aiki, domin hujjar ta fito ne daga hanyoyi daban-daban waɗanda ba su dogara da juna ba.

Da farko dai, likitocin Amurka da na Ostareliya sun isa matsaya guda ba tare da sun haɗa baki ba, kuma kaskar da kowannensu ya zarga dabam ce. Daga baya aka sami irin wannan alaƙa a Suwidin da Jamus da Faransa da Japan. Na biyu, an sami shi kansa sukarin a jikin kaska: a hanjinta a Suwidin a 2013, a gurbin yawunta a Japan a 2016, a yawunta a Amurka a 2019. Na uku, a Birazil a 2016 an sa yawun kaska a jikin ɓerayen da aka cire musu ƙwayar halittar alfa-gal, sai suka ƙera makamin IgE kamar yadda mutum ke yi. Na huɗu, a 2014 an ciyar da mutum 12 masu makamin da nama a gaban likita, 10 suka yi bori bayan sa'a 3 zuwa 7, alhali mutum 13 da ba su da shi babu wanda ya ji komai.

Duk da haka akwai abin lura. A rahoton 2011, mutanen da aka auna jininsu kafin cizo da bayan cizo, aka ga makamin ya ninka sau ashirin ko fiye, su uku ne kacal, kuma shi Platts-Mills kansa ya sha bayyana cewa kaska ta cije shi a 2007 har ya kamu da cutar. Mutum uku ba su isa a kafa doka a kansu ba. Abin da ya ceci wannan ra'ayi shi ne binciken da ya biyo baya, wanda ya zo ya gaskata shi. Saboda haka a yau babu sauran gardama mai ma'ana a kan cewa cizon kaska na haddasa cutar.

5.0 Inda Hujja ta Yi Rauni

5.1 Alama da Cuta

Hausawa na cewa kama da wane ba wane ba ne. A 2017 Jörg Fischer da abokan aikinsa suka gwada mafarauta da ma'aikatan daji 300 a kudancin Jamus. Kashi 35 cikin ɗari na ɗauke da makamin a jininsu. Amma ko a cikin waɗanda nasu ya yi yawa, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ne ke yin bori idan sun ci nama. Sauran suna cin namansu lafiya lau. Ma'anar wannan a fili take: in likita ya dogara da takardar gwaji kaɗai, zai hana mutane da yawa nama ba gaira ba dalili.

Har yanzu masana ba su daidaita ba a kan adadin makamin da zai sa a ce mutum ya kamu. Yawancin ɗakunan gwaji na ɗaukar awo 0.1 a matsayin shaidar samuwarsa, amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da na'ura ke iya gani. Ba iyaka ce tsakanin mai lafiya da majinyaci ba.

5.2 Matsalar Ƙidaya

A watan Yuli na 2023 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton da ya fi kowanne yaɗuwa. Daga 2017 zuwa 2022 an gwada mutum 295,400, aka sami makamin a jinin 90,018. Da aka haɗa da na shekarun baya, adadin ya haura 110,000 daga 2010. Daga nan masu rahoton suka ƙiyasta cewa waɗanda cutar ta shafa suna tsakanin 96,000 da 450,000.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a faɗa game da wannan rahoto. Na farko, alƙaluman sun fito ne daga kundin kamfanin gwajin jini, ba tare da tarihin ciwon mutanen ba, shi ya sa marubutan suka kira su waɗanda ake zato. Na biyu, tazarar da ke tsakanin 96,000 da 450,000 ta kusa ninki biyar, wanda ke nuna cewa ƙiyasin ya dogara ne da zato iri-iri. Na uku, jaridu sun ɗauki babban adadin sun yar da ƙaramin, har ya zama kamar ƙidayar da aka tabbatar. Laifin nan ba na marubutan ba ne, amma duk mai nazari ya wajaba ya koma ga asalin abin da suka ce.

Sai dai kuskuren ƙidaya na iya karkata ta ɗaya gefen ma. A wani rahoton da aka fitar a rana guda, an tambayi ma'aikatan lafiya 1,500, kashi 42 cikin ɗari suka ce ba su taɓa jin sunan cutar ba, kashi 35 kuma suka ce ba su da tabbacin za su iya gane ta. Likitan da bai san cuta ba ba zai aika a gwada ta ba. Ke nan kundin ya ƙunshi mutanen da ba su da ciwon, ya kuma bar waɗansu masu shi a waje.

5.3 Dalilin Jinkiri

Borin abinci da aka saba da shi, kamar na gyaɗa ko ƙwai, yana tashi ne cikin mintoci. Wannan kuwa sai bayan sa'o'i, sau da yawa da tsakar dare. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa alfa-gal da ke manne da kitse ne ke shiga jini, shi kuwa kitse yana ɗaukar sa'o'i kafin hanji ya sarrafa shi ya tura shi. Wani gwaji na 2019 ya goyi bayan wannan, amma an yi shi ne da ƙwayoyin hanji a cikin kwanon gwaji. Bayanin yana da ma'ana, sai dai bai warware dalilin da ya sa mutum ɗaya zai ci nama yau ya kwana lafiya, ya ci gobe ya kwana asibiti ba. An dai lura cewa barasa da motsa jiki da wasu magungunan rage zafi na ƙara tsananta borin, kuma kayan ciki, musamman ƙodar alade, sun fi tsoka saurin tayar da shi.

5.4 Batun Ciwon Zuciya

A 2018 Jeffrey Wilson da abokan aikinsa suka duba jijiyoyin zuciyar mutum 118, suka ga masu makamin, waɗanda suka kai kashi 26 cikin ɗari, sun fi saura daskararren maiƙo a jijiya. Wani bincike na Ostareliya a 2022, mai mutane fiye da dubu, ya sami irin wannan alaƙa. In har ta tabbata, to haɗarin ya shafi har waɗanda ba sa jin komai bayan cin nama. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duka binciken biyu sun auna jini da jijiya ne a lokaci guda, don haka ba za su iya nuna wanne ya riga wani ba. Mazauna karkara da kaska ta fi cizo suna iya bambanta da mutanen birni ta fuskar abinci da shan taba da samun asibiti. Sai an bi mutane shekara da shekaru kafin a yanke hukunci.

6.0 Haɗarin da Ke Gaban Likita

Sukar alƙaluma ba ta nufin cutar wasa ce. A wani asibitin borin jini da ke Tenesi, rahoton 2018 ya nuna cewa alfa-gal ne ya haddasa kashi ɗaya cikin uku na anafilaksis ɗin da aka tabbatar da musabbabinsa. Wani ƙaramin bincike na 2017 a kan mutum 28 ya nuna cewa sukan yi kimanin shekara bakwai suna fama kafin a gane abin da ke damunsu.

A watan Nuwamba na 2025 ayarin Bajiniya ya buga labarin wani mutum mai shekara 47 a jihar Niyu Jasi wanda ya rasu a 2024, kimanin sa'a huɗu bayan ya ci naman sa. Mako biyu kafin haka ya ci nama da dare, ya farka da matsanancin ciwon ciki da amai da gudawa, ya warware, bai je asibiti ba. Binciken gawa na farko bai gano dalili ba, sai da aka sake gwada jininsa. Darasin a nan shi ne ciwon ciki kaɗai, ba tare da ƙaiƙayi ba, na iya zama gargaɗin anafilaksis.

Ɗaya haɗarin yana cikin asibiti ne. Magunguna da kayan aiki da yawa daga jikin dabba ake samo su: jelatin da ke cikin wasu alluran rigakafi da ruwan ƙarin jini, hefarin da ake samu daga hanjin alade don hana jini daskarewa, marfin zuciya na alade ko na saniya, da maganin dafin maciji. A nan ma hujjar ba ɗaya ba ce. Ta setuksimab tabbatacciya ce. Ta hefarin kuwa tana da saɓani: a Bajiniya a 2021, mutum 4 cikin 17 da aka yi wa aikin zuciya sun yi mummunan bori, amma wani bincike na 2022 ya sami ƙalilan ne kawai a cikin waɗanda aka ba maganin a asibiti. Ta lalacewar marfin zuciya da wuri kuma ta dogara ne da rahotannin mutum biyu ko uku. Jera waɗannan duka a takarda guda kamar nauyinsu ɗaya na iya sa a hana majinyaci maganin da zai ceci ransa.

7.0 Abin da Binciken Afirka Ya Ƙara

A nahiyar Afirka ne giɓin da muke magana a kansa ya fi fitowa fili. A rahoton 2011 na ayarin Bajiniya, kimanin kashi uku cikin huɗu na yaran wani ƙauye a Kenya na ɗauke da makamin, kuma a shekarar aka sami irin wannan yawa a Zimbabuwe a cikin masu fama da tsutsar ciki. Ba a kawo labarin borin nama a cikinsu ba, amma kuma ba a ciyar da su nama a gaban likita don a tantance ba. Rashin jin labari ba hujja ba ce a wurin da asibiti ke da nisa, nama kuma sai jefi-jefi.

Tshegofatso Mabelane da Michael Levin na Jami'ar Kef Tawun su ne suka yi abin da ya kamata. A 2018, a wani yankin karkara na lardin Gabashin Kef a Afirka ta Kudu, sun ciyar da masu kukan borin nama a gaban likita, suka tabbatar da cutar a jikin mutum 84, 81 daga ciki ta hanyar wannan ciyarwa. Borin ya tashi tsakanin minti 45 da minti 375, watau a wasu ya fi na Amurka sauri ƙwarai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar ciwon ciki kaɗai suka yi. Sun kuma nuna cewa sai awon makamin ya haura 5.5 kafin a ce kusan tabbas mutum na da cutar. A ra'ayinmu wannan aiki ya fi da yawa daga cikin na ƙasashen Turai da Amurka inganci, domin ya haɗa jini da abin da ido ya gani. Iyakarsa ita ce an yi shi a yankin da cutar ta yi yawa, saboda haka ba lalle ne awon 5.5 ya dace da ko'ina ba. A 2022 wannan ayari ya sami alfa-gal a jikin tsutsar ciki da kuma kaskar yankin, abin da ke nuna cewa a Afirka fassara gwajin jini na buƙatar ƙarin hattara.

Wannan batu ya taɓa ƙasar Hausa ta fuska biyu. Kaskar Amblyomma variegatum, dangin ta Amurka, wadda makiyaya suka sani tare da ciwon kirci, ta yawaita a jikin shanun Afirka ta Yamma, kuma an buga labarin wani mai cutar a Kodebuwa a 2016. Sa'an nan maganin dafin kububuwa da aka gwada a asibitin Kaltungo na jihar Gwambe, a binciken 2010 mai majinyata 400, daga jinin tumaki da dawaki aka haɗa shi, kuma kimanin mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar ya yi bori da wuri. A 2017 Fischer ya nuna cewa irin waɗannan magunguna na ɗauke da alfa-gal. Borin maganin dafi yana da dalilai da yawa, kuma ba a hana wanda maciji ya sara magani saboda tsoronsa. Amma tun da manomi da makiyayi su ne kaska ke cizo, su ne kuma maciji ke sara, auna makamin a jinin irin waɗannan majinyata aiki ne da ya cancanci masu bincikenmu.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa binciken ya tabbatar da abu uku: cizon kaska na sa jiki ya ƙera makamin IgE mai gaba da alfa-gal, makamin na iya tayar da bori sa'o'i bayan cin nama, kuma borin na iya kisa. Mun kuma ga cewa yawan masu cutar, da alaƙarta da ciwon zuciya, da haɗarin wasu magunguna, duk suna buƙatar ƙarin hujja.

Bisa ga haka muna ba da shawara cewa kada a ce mutum na da cutar sai an haɗa gwajin jini da tarihin ciwonsa, in da hali kuma da ciyarwa a gaban likita. Duk wanda ke farkawa da dare da ƙaiƙayi ko ciwon ciki bayan cin nama, a tambaye shi game da cizon kaska. Wanda aka tabbatar yana da ita ya bar jan nama da kayan ciki, ya riƙe allurar adirenalin, ya sanar da likita kafin kowane aiki, ya kuma guji sabon cizo, domin makamin na raguwa a jikin da yawa daga cikin waɗanda kaska ta daina cizonsu, har wasu su koma cin nama. Masu bincike kuma, a duk adadin da za su fitar, su bayyana ko masu alama suka ƙidaya ko masu cuta.